Hantar Tunkiya a Kan Teburin Injiniya

Tun da na dawo bakina bai huta ba. Duk wanda ya shigo shagonmu na nama a unguwar Stratford ta London, kafin ya faɗi abin da zai saya sai ya ce, "Malam Sabo, wai da gaske ka je ƙasar da iska ba ta isar mutum?" A ƙofar masallaci haka, a cikin bas ɗin Thamesmead haka. Na ba da labarin har na fara rikita farkonsa da ƙarshensa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, Hajara matata ta yi mini photocopy a wurin aikinsu, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Sanadin tafiyar wani abokina ne, Faustino, mutumin Bolivia, daga wata al'umma da ake kira Aymara. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana. Aikinsa a London sharar ofisoshi. Duk Asabar yana zuwa shagonmu sayen zuciyar sa, abin da Turawa ko kallo ba sa yi. Wata rana na tambaye shi me yake yi da ita, ya ce yankawa suke su soke a tsinke su gasa. Na ce ai wannan tsire ne! Na kawo masa yajinmu, ya kawo mini wani barkononsu da aka niƙa da tumatir. Daga nan muka ƙulle, shekara biyar, muna hira da Turancinmu na kasuwa, nasa a karye nawa a karye.

Wata Asabar ya zo da wasiƙa a hannu, bai ko kalli nama ba. Ya ce, "Sabo, layi ya zo kan gidanmu. Zan koma."

Na ce, "Layin me?"

Ya bayyana mini cewa a ƙauyensu shugabanci ba gado ba ne, kuma ba zaɓe ba ne irin na 'yan siyasa. Duk gidan da yake da gona a ƙasar ƙauyen, akwai shekarar da zai riƙe sanda. Mai riƙe da ita ana ce masa hilakata. Shekara ɗaya ce cur, sai ya miƙa wa gida na gaba. Mahaifinsa ya tsufa, ƙafa ta ƙi, don haka shi ne. In ya ƙi zuwa, ƙauye na iya karɓe gonar, kuma gidansu ba zai ƙara ɗaga kai a taro ba.

Na ce, "Aikinka na nan fa?"

"Na ajiye."

"To, can me za a riƙa ba ka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ni zan riƙa ciyar da mutane."

Na yi dariya har da riƙe kanta. Na ce a wajenmu a kan sarauta wa da ƙane sukan daina gaisawa, ku kuma da wasiƙa ake kamo mutum. Ya ce, "Zo ka gani da idonka. Ranar ɗaya ga Janairu za a ba ni." Ni da wasa na ɗauka. Amma da na koma gida abin ya ƙi barin raina. Shekarata goma sha ɗaya a London, ban san ko'ina ba sai Heathrow da Kano.

Hajara ta ce, "Bolivia kuma? Baban Amina, ko a taswira ka san inda take?" Amina 'yarmu ce ta ɗauko littafin makaranta ta nuna mana, can ƙasan duniya ta hagu. Abokin aikina Baba Awudu, mutumin zangon Kumasi, shi ne ya ƙarfafa ni. Ya ce, "Sabo, tafi kawai. Shago yana nan, ba ya gudu. Amma in matanka ya zo ya tambaye ni wa ya zuga ka, ni ban san komi ba." Na nemi biza, na yi booking jirgi ɗaya da Faustino, muka tashi a ƙarshen Disamba.

Jirgi uku muka shiga. Muka kwana a sama har Brazil, muka yini a kan benci a filin jirgi, muka shiga wani, ya sauka a wani gari mai zafi kamar Lakwaja, sannan na ƙarshe ya yi ta hawa da mu. Abin mamaki, shi wannan bai yi wata sauka ta kirki ba, ƙasar ce ta taso ta tarye shi. Filin jirgin La Paz a kan tudu yake, tudun da ban taɓa tunanin mutane na zama a irinsa ba. Na sauko, na sunkuya na ɗauki jakata, sai na ji ƙirjina na dukan tara-tara, kaina ya yi fayau. Faustino ya karɓi jakar ya ce, "Tafi a hankali, kamar tsoho. Ko gaisuwa kada ka yi da ƙarfi."

A wurin duba fasfo jami'in ya yi ta juya koren littafina yana cewa "Niheriya, Niheriya," ya kira wani su ma suka duba, sannan ya buga hatimi. Rigimar a kwastan take. Wani mai gashin baki ya buɗe akwatina ya ci karo da wuƙaƙena uku naɗe a tsumma, don mahauci ba ya tafiya ba wuƙa. Bai gama da su ba sai ga leda cike da gari ja-ja. Nan take fuskarsa ta canza, ya yafito mutum biyu. Faustino ya shiga bayani da Sifaniyanci, ni kuma ina tsaye ina haki kamar mai gaskiya ƙalilan. Mai gashin bakin ya lashi yatsa ya dangwala ya kai baki. Idonsa ya kawo ruwa. Sai ya sake dangwalawa. Ya tambayi abin da ke ciki, na lissafa masa ƙuli-ƙuli da citta da barkono da kanumfari, Faustino na ta fama da fassara. Daga ƙarshe na zuba masa kaɗan a takarda ya kai wa iyalinsa, muka rabu muna musabaha.

Masaukinmu gidan gwaggon Faustino ne, Mama Basilia, mai sayar da dankali a unguwar da ke kusa da filin jirgin. Su a wajensu kowace babbar mace Mama ce, kowane dattijo Tata. Matansu na sa siket a kan siket har huɗu ko biyar, da wata 'yar malafa zagayayya da ke zaune a tsakar ka ba ɗauri ba komai, kuma ba ta faɗuwa. Goyo kuwa irin namu sak, sai dai su ta kan kafaɗu suke ɗauko zanen su ƙulla a gindin wuya. An ce damina ce kuma lokacin zafinsu ke nan, amma bargo bakwai aka jibga mini, in zan juya sai na yi shawara. Ruwan alwala kuwa, na London ruwan ɗumi ne a kansa.

Ranar farko na shimfiɗa dardumata a tsakar gida zan yi azahar. Ina kai goshi ƙasa sai na ji salati irin nasu, an cafki kafaɗuna ana ɗaga ni. Mama Basilia ce, ta ɗauka tudun ne ya kayar da ni. Tana ja ina komawa, tana ja ina komawa, har Faustino ya fito da gudu ya janye ta. Da na idar aka yi mata bayani, ta rufe fuska da mayafi don kunya. Daga ranar, in na tayar da salla sai ta tsaya a bakin ƙofa tana korar kaji.

Ita ce ta kawo mini shayin ganyen koka saboda ciwon kai. Na yi turus, don na san abin da ake faɗa a kansa a London. Faustino ya ce, "Abin da miyagu ke yi da shi a wani wuri daban. Wannan ganye ne kawai. Da shi muke tarbar baƙo, da shi ake neman aure, da shi ake ba da haƙuri." Na ce ashe goronku ne. Na sha, kan ya lafa. Na ciro goron da na zo da shi na ba Mama Basilia. Ta gatsa, fuskarta ta tattare wuri ɗaya, ta yi godiya sosai, ta soke sauran a cikin siket.

Abincinsu dankali ne, amma kala-kala har ban iya ƙirgawa ba. Akwai wani baƙi ƙirin da suke kira cunyo, wanda ake shanyawa sanyi ya daskarar da shi, a tattake da ƙafa, rana ta busar, ya shekara goma bai lalace ba. Da aka zuba mini na ɗauka tsakuwa ce ta faɗa miya. A kwana na uku ni ke neman ƙari. Akwai kuma wani hatsi, kinuwa, da suke yin fate da shi, in ka rufe ido sai ka rantse acca ce.

Bayan kwana uku muka hau babbar mota zuwa ƙauye, wajen tafkin Titicaca. A kan buhuna muka zauna, mu da mata da tumaki biyu. Ƙanƙara ta sauko a hanya, aka ja tamfol aka lulluɓe mu gaba ɗaya, wata tsohuwa ta riƙa tura mini gasasshen wake a hannu a cikin duhun tamfol ɗin. Da aka yaye, mun hau wata sabuwar hanya mai kyau, an yi mata ciko ta yi tudu. Muka wuce sansanin masu aikin hanyar, inda na ga manyan bututun siminti jibge a gefe. Can gaba sai na ga Faustino ya miƙe tsaye ya riƙe ƙarfen mota. Ta hannun dama ruwa ne kwance, ya yi kore, ba ya motsi. Ta hannun hagu fadama ce shimfiɗe, amma ciyawarta ta yi ja ta bushe, a tsakiyar damina. Tsohuwar nan mai wake ta faɗa masa wata magana.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce ga abin da yake jirana."

Matarsa Gregoria ta tarye mu a bakin hanya da 'ya'yansu. Shekara shida rabonsu. Na zaci za a yi kuka. Ita kuwa sai ta cire masa hula, ta duba kansa ta gaba ta baya, ta faɗi kalma biyu, kowa ya fashe da dariya. Wai ta ce Ingila ta cinye gashin ta dawo mata da ƙoƙon.

Da safiyar ranar ba da sanda aka jawo mini tunkiya, don Faustino ya gaya musu ba na cin nama sai wanda aka yanka irin namu. Tun kafin in kwantar da ita na ga alama: ta rame, haɓarta ta kumbura kamar an ɗura ruwa. Na yi bisimilla na yanka, na feɗe, maza sun kewaye ni suna kallon hannuna. Ina ciro hantar na san abin da zan gani. Ta yi tauri, ta yi fari-fari. Na tsaga ta, sai ga tsutsotsin nan masu faɗi kamar ƙananan ganye suna motsi. Ban san lokacin da na ce da Hausa, "Kai, cutar hanta ce!" ba. Tun ina yaro a mahautar garinmu, mahaifina in ya ga haka yakan faɗi fadamar da dabbar ta yi kiwo ba tare da an gaya masa ba.

Gregoria ta tsuguna kusa da ni. Ta nuna hantar, ta nuna wajen ruwan nan kwantacce, ta murɗa yatsa ta yi siffar katantanwa. Na gyaɗa kai da ƙarfi, don na san daga katantanwar ruwan kwance tsutsar take fitowa. Ba mu da kalma ɗaya da muka haɗa, amma mun gama magana. Daga baya Faustino ya fassara mini sauran: da can ruwan dutse yana bi ta wasu magudanai da kakanninsu suka haƙa, yana ratsa fadamar yana wucewa, duk shekara ƙauye na fita a yashe su. Hanyar ce ta zo ta danne su. Sama ta zama kududdufi, ƙasa ta bushe, dabbobi ba su da wurin kiwo sai bakin ruwan da ke kashe su. Gregoria ta barbaɗa wa hantar gishiri, ta naɗe a tsumma ta ajiye. Ban tambaye ta dalili ba.

Bikin kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Aka tsayar da Faustino da Gregoria tare a filin makaranta, don su mutum ɗaya ba ya shugabanci, sai miji da mata. Tsohon hilakata ya cire jan bargonsa mai huda a tsakiya, aka zura wa Faustino irinsa, aka rataya masa bulala a kafaɗa da 'yar jakar ganyen koka a wuya, aka damƙa masa sanda mai kan azurfa. Gregoria aka yafa mata baƙin mayafi da ƙunshi a baya. Sai mutane suka yi layi, kowa ya rataya musu burodi da lemo a zare, ya zuba musu yankakkun takardu masu launi a ka, har sai da idanunsu kawai ake gani. Ana busa sarewa ana kaɗa ganga. Tsofaffin da suka haife shi suna zuwa suna ce masa Tata. Ni da na saba ganinsa da bokiti da tsumma a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta London, sai na ji idona ya cika.

Daɗin bai wuce kwana biyu ba aka kira taro a kan ruwa. Daga hantsi aka fara har la'asar. Maza a tsaye, mata a zaune a ƙasa suna kaɗi, kuma duk mai magana sai an bar shi ya gama, ko zai kai awa. Malamin makarantar ƙauyen, wanda ya iya ɗan Turanci, ya zauna kusa da ni yana raɗa mini. Ƙauye ya rabu biyu. Wani dattijo, Tata Severo, wanda rabin garkensa ya mutu, ya ce gobe a ɗauki diga a sare hanyar, ruwa ya wuce. Wani magidanci ya miƙe ya ce hanyar nan ce ta kai matarsa asibiti ranar da haihuwa ta zo da gardama, kuma in aka sare ta 'yan sanda za a turo. Murya ta fara tashi. Faustino na tsaye da sanda yana sauraren kowa.

Sai Tata Severo ya juyo ya nuna shi. Ya ce, "Shi wannan me zai ce? Shekara shida yana share ɗakin Turawa. Ya san inda ruwanmu yake kwana? Ko harshenmu ya yi masa nauyi a baki."

Ni kaina na san in aka raina shi a taron farko, shekarar ta lalace.

Gregoria ta ajiye mazarinta ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tata Severo, shekara shidan nan ni nake kiwon tumakin gidanmu, kusa da naka. Abin da ka binne na binne. Sandan nan mu biyu aka ba. In shi bai san ruwan ba, ni na sani."

Sannan Faustino ya yi magana. Ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Tata, na daɗe ba na nan. To, ka koya mini. Tashi ka nuna mana inda magudanan suke kafin hanya ta zo."

Ban ga dattijon da aka ɗaure da girmamawa irin wannan ba. Ya yi 'yan gunaguni, amma ya wuce gaba, duk taron ya bi shi cikin yayyafi. Wuri uku ya tsaya ya buga ƙafa a kan hanya, kowanne ya faɗi sunansa da sunan kakan da ya haƙa shi. Matasa na jin sunayen a karon farko. A nan bakin hanya Faustino ya yanke magana: ba za a sari hanya a ɓoye ba, gobe ƙauye duka zai je sansanin masu aiki ya nemi bututun nan da ke jibge, su da kansu za su haƙa su binne.

Washegari muka tafi, tafiyar awa biyu a ƙasa, ni a can baya ina jan ƙafa. Injiniyan saurayi ne ɗan birni, mai ladabi amma a gajiye. Ya shigar da mu biyar ofishinsa na katako, sauran suka zauna a waje shiru. Abin da ya ba ni mamaki, Faustino ya iya Sifaniyanci sarai, amma da Aymara ya yi magana, malamin makaranta na fassarawa. Daga baya ya ce mini mai sanda da bakin mutanensa yake magana, don na waje su ji abin da aka faɗa da sunansu.

Injiniya ya buɗe zanen hanya a kan tebur. Ya ce ga kwalbati ɗaya can sama, shi aka zana, shi aka gina, ba shi da ikon ƙarawa. Bututun da suka gani ragowa ne, za a mayar. Ya ce su rubuta takarda zuwa birni. Ya fara naɗe zanensa.

Sai Gregoria ta kwance ƙunshinta, ta ɗora hantar nan a kan teburin, ta buɗe tsagar da yatsa. Mutumin ya ja kujera baya har ta bugi bango. Faustino ya nuna ni ya ce, "Wannan mahauci ne ɗan mahauci, daga Afirka, yana aiki a London. Shi ya yanka. Tambaye shi."

Ashe injiniyan yana jin Turanci. Na ce masa, "Yallaɓai, in na sa irin wannan a kantata, a ranar hukumar unguwa za ta rufe shagon. Daga ruwan da ba ya tafiya ake samun cutar nan. A ƙasarmu haka, a nan ma haka."

Ya ce, "Tana kama mutane?"

Na ce, "Ni ba likita ba ne, amma na ji ana cewa tana kamawa. Kuma na ga yara na tsinkar ganye a bakin ruwan suna ci."

Injiniya ya sake duban hantar. Sannan ya ɗauki hularsa ya ce a je ya gani. A motarsa ya ɗauki Tata Severo, gaba ma kuwa. Da ya duba wuraren uku ya ce biyu za su yiwu, na ukun a kan kwana yake, ba zai yarda a taɓa ba. Tata Severo ya ce na ukun shi ne na kakansa. Aka yi ta ja har Faustino ya ciro ganye daga jakarsa ya miƙa wa dattijon da hannu biyu. Ya karɓa, ya tauna, ya ce to, biyun.

Aikin gayya ne irin namu, ba bambanci, sai dai su da sarewa suke yi maimakon kalangu. Kafin a sa diga sun yi al'adarsu ta neman izinin ƙasa, suna zuba abin sha suna ƙona turare. Na koma gefe na yi addu'ata, ba wanda ya ce mini don me. Rabin hanya ake haƙawa a binne bututu a rufe, sannan a koma ɗaya rabin, don motoci su samu wucewa. Injiniya na tsaye da igiyar awo, magidancin nan mai son hanya da Tata Severo suna cicciɓar bututu ɗaya. Na karɓi shebur don kada a ce baƙo ya zo kallo. Sau goma na ɗiba, na ga taurari da rana tsaka, na zauna a ƙasa. Mata suka yi ta dariya, suka ce a ba ni aikin da na iya.

Aka kawo mini lama, wata dabbarsu mai dogon wuya, kamar raƙumin da aka hana tozo. Tun a London na tambayi malaminmu, ya ce dangin raƙumi ce, in an yanka ta halatta. Na yanka, na yi tsire da sauran yajina. Da rana mata suka shimfiɗa zannuwa a ƙasa, dogo kamar sahun salla, kowane gida ya juye abin da ya dafa a kai, kowa ya ci na kowa, ciyayya sosai. Tsirena bai yi minti goma ba. Injiniya da kansa ya dawo da tsinkensa yana tambaya ko akwai saura.

A rana ta huɗu aka buɗe bakin magudana ta farko. Da fari shiru, sai wani gurnani a cikin bututun, sai ga ruwa ya ɓullo ta ɗaya gefen, baƙi da laka, sannan ya fara washewa. Jama'a, ihu! Aka bi ruwan da gudu, tsofaffi da yara, mata riƙe da malafa, yana bin tsohuwar hanyarsa kamar jiya ya bar ta. Na manta da gargaɗin tafiya kamar tsoho, na zura da gudu ina kabbara. Ƙafata ta zame, na faɗa magudanar har ƙugu, cikin ruwan da ya fi ƙanƙara sanyi. Tata Severo ne ya miƙo hannu ya fizgo ni, yana dariya har ba ya iya tsayuwa, bakinsa ba haƙori ko ɗaya a gaba. Ya cire bargonsa ya lulluɓa mini. Muka tsaya tare ina karkarwa, muna kallon ruwa na bazuwa cikin busasshiyar ciyawa.

Ban ga fadamar ta yi kore ba, hutuna ya ƙare. Gregoria ta ce sai an yi wata biyu, tumakin kuma sai an ba su magani, wasu ma ba za su tashi ba. Ta cika mini jaka da cunyo da kinuwa, da safar ulu da ta saƙa wa Hajara da Amina.

Na ɗauka Faustino zai raka ni birni. Muka taka tare har wani tarin duwatsu a bakin hanya, inda mota ke tsayawa, sai ya ja ya tsaya.

Ya ce, "Iyakata ke nan, Sabo. Mai sanda ba ya tsallake nan sai da izinin ƙauye. Malamin makaranta zai kai ka har jirgi."

Na ce, "In shekarar ta cika, za ka dawo London?"

Ya ce, "Ban sani ba. Akwai magudana ta uku."

Muka rungumi juna, kan sandan na tokare mini haƙarƙari. Ina da maganganu da yawa da na shirya, amma kafin in fara sai ga mutum biyu sun taho daga cikin gonaki, ɗaya na jan saniya da igiya, ɗaya riƙe da damin sha'ir da aka cinye rabinsa, kowa na ƙoƙarin riga ɗan'uwansa magana. "Tata! Tata!" Mota ta iso, malamin ya jefa jakata sama, na hau. Da na waiwaya, Faustino ya riga ya juya. Yana tafe a tsakaninsu cikin jan bargonsa, ya karkata kai wajen mai saniyar yana saurare, ɗaya hannun kuma ya ɗora a kafaɗar mai sha'ir don ya jira layinsa.